Jiragen Jan Taru A Tekun Gini: Me Ya Haɗa Ɗan Kasuwar Zangon Lome Da Dokar Kamun Kifi?

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Lome zuwa Sinkase, ko kuma yake cin kasuwannin Aflawo da Denu da Hilakonji, ya san cewa harkar kifi ba yadda aka san ta take ba. A da, da zarar an shiga watan Agusta zuwa Satumba, ƙananan kifayen teku kan cika kasuwa maƙil, a banda su, a jera su kwando-kwando, a ɗora wa motocin arewa, talaka ya sayi na miya da 'yan canjin da ke aljihunsa. A 'yan shekarun nan kuwa, kwalin kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Murtaniya da na Turai shi ne ya mamaye rumfuna, na gida kuma ya yi ƙaranci, ya ƙanƙance, ya kuma yi tsada.

Idan aka tambayi 'yan kasuwa dalili, akasari za su ambaci faɗuwar Sidi da Naira, da tsadar mai, da yawan shingaye a hanya. Duk waɗannan gaskiya ne, amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani dalilin da ke can ƙarƙashin teku, inda idon mai saye da mai sayarwa ba ya kaiwa, wato ɓarnar da manyan jiragen ruwa masu jan taru suke yi, da kuma irin matakan da gwamnatocin Togo da Gana da Nijeriya suke ɗauka, ko suke kasa ɗauka, a kansu.

Zango da ruwan gishiri

Hausawa ba baƙi ba ne a Lome. Fatakenmu sun soma zama a garin tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma sun ƙaru bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 wanda ya tarwatsa babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, da kuma bayan da Jamusawa suka mai da Lome hedikwatar mulkinsu a 1897. Zango ya daɗe a tsakiyar gari har zuwa 1977, lokacin da hukuma ta rushe shi ta kwashe jama'a zuwa arewacin birnin, tazarar kimanin kilomita 15, a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. Wani masani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya wallafa littafi sukutum a 1983 a kan attajiran wannan unguwa, inda ya nuna cewa shanu da goro su ne ƙashin bayan arzikinsu.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mai shanu da goro da dokar teku? Ai su a Lome aikin Ewe ne da Mina da masuntan da suka zo daga Gana, banda da sari kuwa suna hannun mata, musamman a unguwar Katanga da ke gefen tashar jiragen ruwa. Haka ne, amma da zarar kifi ya bar gaɓa ya hau mota, to ya shigo hannun mutanenmu. Direbobin da ke kwana a tashar manyan motocin Sahel ta Togblekope, dab da sabon Zango, da masu lodi, da dillalai, da masu canji a Aflawo, da masu tuwo-tuwo da shinkafa da wake a bakin tasha, da masu tebur a Dapawon da Sinkase, kowa yana da rabonsa a cikin kwandon kifi. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da rufe iyakar Gaya da Malanbil da ya biyo baya, kaya masu yawa da ke zuwa Yamai suka koma bi ta tashar Lome, wanda hakan ya ƙara wa wannan hanya muhimmanci.

Shi kansa mai fawa ba a bar shi a baya ba, domin kifi da nama a tukunya ɗaya suke haɗuwa. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Science a 2004, wanda ya duba bayanan kusan shekara 30 a Gana, ya gano cewa a shekarun da kifi ya yi ƙaranci, farautar namun daji takan ƙaru, domin jama'a sai sun nemi abin da za su sa a miya. Ke nan abin da ya faru a teku yakan kai har dawa, ya kuma taɓa farashin duk wani abu mai tsoka.

Yadda jirgin jan taru yake aiki

Bahaushe ya san koma da birgi da taru da mamari. Abin da waɗannan jirage suke amfani da shi taru ne, amma irin wanda Sarkawa ba su taɓa gani ba. Wata ƙatuwar jaka ce ta raga wadda bakinta yake a buɗe, ana ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe a bayan jirgi. A kowane gefe akwai faifan ƙarfe mai kama da ƙyauren ƙofa, mai nauyin gaske, wanda ƙarfin ruwa yake turawa waje domin bakin jakar ya zauna a wage. A leɓen ƙasa kuma ana sa sarƙa ko ƙwallayen ƙarfe da roba domin tarun ya riƙa shafar ƙasan teku. Haka jirgi zai yi ta ja na tsawon sa'o'i, dare da rana. Masu jin Faransanci suna kiransa shalutiye, 'yan Gana da Nijeriya kuma su ce tirola.

Illar abin iri uku ce. Ta farko, tarun ba ya zaɓe. Yana kwasar babba da ƙarami, da mai ƙwai, da ƙaguwa, da kunkurun teku, da abin da ba a ci. Abin da ba shi da kasuwa sai a watsar da shi a ruwa matacce. Ta biyu, yana kankare ƙasan teku kamar yadda garmar tarakta take kifar da gona, ya tumɓuke ciyayin ruwa da murjani da sauran maɓoyar da kifi yake ƙyanƙyasa a cikinta. Bambancin kawai shi ne manomi yana huɗa ne domin ya shuka, shi kuwa jirgi ya huɗe ya wuce. Ta uku, idan jiragen suka kutso kusa da gaɓa cikin dare, sukan yayyaga komar masu kwale-kwale, wani lokaci har su banke kwale-kwalen, alhali koma ɗaya jarin iyali ce guda, kuma sau da yawa da bashi aka saye ta.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kifin da ake kamawa a tekunan duniya da irin wannan taru ake kama shi. Saboda haka harka ce ta manyan kuɗi, kuma masu ita suna da bakin magana a fadar gwamnatoci.

Yana da kyau a bambance abu biyu. A Turai da Ostireliya, wani ɓangare na muhawarar a kan can ƙuryar teku ake yin sa, inda zurfi ya kai ɗaruruwan mita, babu hasken rana, ruwa yana da sanyi ƙarara, kuma wasu kifayen sukan haura shekara 100 a raye, ba sa soma haihuwa sai sun yi shekara 20 ko fiye. Idan aka share irin wannan wuri, jikokin wanda ya yi ɓarnar ma ba za su ga ya farfaɗo ba. A Tekun Gini kuwa, akasarin jiragen a kan tudun ruwan da ke kusa da gaɓa suke aiki, wato daidai wurin da mai kwale-kwale yake neman abincinsa. Don haka a wajenmu maganar kare halittun teku da maganar tukunyar talaka abu guda ne.

Matakan da Togo ta ɗauka

Gaɓar Togo gajera ce, ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba daga Aflawo zuwa iyakar Benin, tudun ruwanta kuma siriri ne. Mafi yawan abin da ake kamawa masu kwale-kwale ne suke kamo shi, musamman ɗan mitsitsin kifin nan da ake kira dowebi, da dangin sadin da 'yan Gana suke kira amane. Abin da ƙasar take kamawa a teku da tafkuna da koguna duka bai kai rabin abin da jama'arta suke ci ba, sauran daga waje ake sayowa.

Duk da ƙanƙantar gaɓarta, sunan Togo ya taɓa shiga baƙin littafi. A da, wasu jiragen ƙasashen waje sukan yi rajista su ɗaura tutar Togo, su tafi can nesa har gefen Antatika suna satar kifi, alhali hukumomin Lome ba su da ikon bin sawunsu. A watan Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta ba Togo katin gargaɗi, wanda ake kira katin ɗorawa kamar na ƙwallon ƙafa, tare da wasu ƙasashe bakwai. Ma'anarsa, idan ba a gyara ba, jan kati ne zai biyo baya, a hana kifin ƙasar shiga kasuwar Turai. Gwamnati ta tsaftace rajistar jiragenta, kuma a watan Oktoban 2014 aka janye katin.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 2014 aka kafa hukumar da ke haɗa kan ayyukan gwamnati a teku, wadda ake taƙaita sunanta da ONAEM. A watan Oktoban 2016 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kamun kifi da kiwonsa, wadda ta tanadi lasisi da sa ido da hukunci ga masu kamun haram. A ranar 15 ga wannan wata ne kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka hallara a Lome suka amince da yarjejeniyar tsaron teku da ake kira da sunan birnin. Ƙasashe fiye da 30 suka rattaba hannu, sai dai tabbatar da ita a majalisun ƙasashen ya yi tafiyar hawainiya. A 2019 Shugaba Faure Gnassingbe ya buɗe sabuwar tashar masunta a Gbetsogbe, wadda aka gina da taimakon Japan, a 2020 kuma aka buɗe ma'aikata ta musamman domin tattalin arzikin teku da kamun kifi da kare gaɓa. A ɓangaren kare muhalli, a 2017 hukumar UNESCO ta amince da yankin bakin kogin Mono, wanda Togo da Benin suka yi tarayya a kansa, a matsayin wurin da ake kiyaye halittu.

Sai dai akwai gaskiyar da babu wata doka ta Lome da za ta iya kauce mata: kifi ba ya tsayawa a duba masa takarda a Aflawo. Garken amane da dowebi da ke ratsa ruwan Togo shi ne dai wanda ke yawo tsakanin Kwaddibuwa da Gana da Benin. Idan aka cinye shi a Elmina, to mai jira a Lome sai dai ya ja koma wayam. Wannan ne ya sa a 2007 ƙasashe shida, wato Laberiya da Kwaddibuwa da Gana da Togo da Benin da Nijeriya, suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na kamun kifi mai hedikwata a Tema, domin su riƙa musayar bayanai a kan jiragen da ke shawagi a ruwansu.

Saiko: darasi daga Gana

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gana ƙasa ce da kifi yake ba da kimanin kashi 60 cikin ɗari na abincin gina jiki da ake samu daga dabba. Dokarta ta 2002 ta hana baƙi mallakar jiragen jan taru, ta kuma keɓe wa masu kwale-kwale ruwan da ke kusa da gaɓa. Amma a 2018 wata ƙungiyar kare muhalli mai suna EJF ta bayyana cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na waɗannan jirage, duk da tutar Gana da ke kansu, ainihin masu cin ribarsu kamfanonin ƙasar Sin ne, 'yan ƙasa kuwa suna kawai suka ara.

Jiragen an ba su lasisi ne domin kifin ƙasan ruwa, amma sai suka koma kwasar ƙananan kifin sama, wanda shi ne abincin masu kwale-kwale. Sukan daskarar da shi fale-fale kamar bulo, su sayar wa wasu manyan kwale-kwale a tsakiyar teku, su kuma su kawo Elmina da Apam da Aksim. Wannan ciniki shi ake kira saiko. Rahoton da EJF da ƙungiyar Hen Mpoano suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an sauke kimanin tan dubu 100 ta wannan hanya, wanda kuɗinsa ya haura Dala miliyan 50, kuma mafi yawansa 'ya'yan kifi ne da ba su kai haihuwa ba. A tsakanin 1996 da 2016, yawan amanen da ake kamawa a Gana ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari. Abin takaicin shi ne, matan da mazajensu suka dawo daga teku hannu rabbana su ne suka koma sayen bulon saiko domin kada murhunsu ya mutu. An sace musu kifi, an kuma sayar musu.

Lamarin har da rai a ciki. A watan Yulin 2019 wani jami'in sa ido na gwamnati da aka sa a cikin ɗaya daga cikin jiragen ya ɓace a teku, ba a sake ganinsa ba. Tarayyar Turai, wadda ta taɓa ba Gana katin ɗorawa a 2013 ta janye a 2015, ta sake ba ta wani a watan Yunin 2021. Daga ƙarshen wannan shekara hukuma ta matsa lamba har aka daina sauke saiko a bainar jama'a, a 2022 aka fitar da umarni a kan irin tarun da aka yarda a yi aiki da shi. A watan Afrilun 2025 aka dakatar da lasisin jirage huɗu na tsawon shekara guda, a watan Agusta kuma Shugaba John Mahama ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta faɗaɗa ruwan masu kwale-kwale daga mil 6 na teku zuwa mil 12, wato daga kimanin kilomita 11 zuwa 22. A Nijeriya, dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana jan taru a cikin mil 5 daga gaɓa, kuma a 2023 aka kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Adalci shi ne a faɗi cewa ba jirage kaɗai ke da laifi ba. A Gana akwai kwale-kwalen teku kimanin dubu 12, kuma gwamnati ta daɗe tana sayar musu da man inji a kan rahusa, abin da ya sa kowa ya tsunduma cikin sana'ar har masu nema suka fi abin nema yawa. Da kifi ya ragu, wasu suka koma kunna fitila mai ƙarfi cikin dare domin tara kifi, wasu suna jefa nakiya ko guba, wasu kuma a duk faɗin gaɓar suna ɗinka raga mai ƙananan ido kamar gidan sauro a gindin komarsu. A 2023 Gana ta dakatar da yi wa sababbin kwale-kwale rajista na tsawon shekara uku.

Can yamma kuma wata ƙofar ce ta buɗe. A Murtaniya da Senigal da Gambiya an kafa masana'antun da ke niƙa ƙananan kifi su mai da shi gari da mai, a kai Turai da Asiya domin ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji. Wani rahoto na ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ce fiye da tan dubu 500 ake niƙawa duk shekara, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Wannan ya shafi ɗan kasuwarmu kai tsaye, domin daga wannan yanki ne wani kaso na kifin kwali yake fitowa. Wani binciken na 2017 ya ƙiyasta cewa ƙasashe shida daga Murtaniya zuwa Saliyo suna asarar kimanin Dala biliyan 2.3 a shekara saboda kamun haram.

Abin da sauran duniya ta yi

Misalin da aka fi tsoratar da gwamnatoci da shi shi ne na Kanada. Gaɓar Niyufanlan ta yi ɗaruruwan shekaru tana ba da kifin da ake busarwa, dangin wanda ake kira okporoko a Nijeriya, har manyan jirage suka share shi. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kimanin dubu 30 suka rasa abin yi a lokaci guda, kuma an shafe fiye da shekara 30 kifin bai koma yadda yake ba.

Wasu ƙasashen ba su jira haka ta same su ba. Indunusiya ta haramta jan taru tun 1980 bayan rikici tsakanin jirage da ƙananan masunta. Hankon ta haramta shi a duk ruwanta daga ƙarshen 2012, ta kuma biya masu jiragen diyya. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci ƙasashe su kare wurare masu rauni a ƙuryar teku, a 2016 kuma Tarayyar Turai ta hana jan taru a zurfin da ya wuce mita 800 a ruwanta na Atilantika. A wannan shekara ce yarjejeniyar hukumar FAO ta soma aiki, wadda ta ba kowace tashar jiragen ruwa ikon hana jirgin da ake zargi sauke kaya, kuma Togo da Gana suna cikinta. A watan Satumban 2025 yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta hana gwamnatoci tallafa wa masu kamun haram ta soma aiki, sannan a watan Janairun 2026 yarjejeniyar kare tekun da ba na kowa ba, wato abin da ya wuce mil 200 daga gaɓar kowace ƙasa, ita ma ta bi baya.

Takardu dai sun yi yawa. Abin da ya rage shi ne jirgin sintiri mai mai a tankinsa, da jami'in da ba ya karɓar na goro, da alƙalin da zai ci tarar da ta fi ribar satar. Senigal ta nuna wata hanya mai sauƙi a watan Mayun 2024, lokacin da ta wallafa sunayen dukkan jiragen da ke da lasisi a ruwanta domin kowa ya gani.

Hutun ruwa ba baƙon abu ba ne

Matakin da ɗan kasuwa ya fi ji a jikinsa shi ne rufe kamun kifi na ɗan lokaci. Gana ta soma da jiragen jan taru a 2016, ta haɗa da masu kwale-kwale a 2019. Daga 2021 zuwa 2024 tsarin ya zauna a kan watan Yuli ga kwale-kwale, Yuli da Agusta ga jirage, a 2025 kuma aka ɗauke wa masu kwale-kwale aka bar jirage. Kwaddibuwa ta bi sahu a 2023. An zaɓi wannan lokaci ne domin a cikinsa ruwan sanyi yake tasowa daga ƙasan teku ɗauke da abincin kifi, kuma a lokacin ne ƙananan kifaye suke zuba ƙwai. A cikin Togo, an daɗe ana rufe tafkin Nangbeto na kogin Mono daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Nuwamba.

Wannan hikima ba daga Turai ta zo mana ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba a yarda kowa ya jefa koma a Matan Fada ba sai ranar da aka buɗe ruwa, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Sarkin ruwa na gargajiya ya san cewa wanda ya kama uwa da ƙwai ya ci kamun baɗi. Matsalar hutun zamani ita ce wa zai ɗauki nauyinsa. Mai jirgi yana da banki, mai kwale-kwale da mai banda kuwa abin da suka samu yau shi za su ci gobe. Kuma wata ɗaya na hutu ba zai yi amfani ba idan sauran wata goma sha ɗaya ana ci gaba da kwasar 'ya'yan kifi.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Na farko, a riƙa bin sanarwar hutun ruwa ta kowace shekara a Gana da Togo da maƙwabta, domin ranakun da waɗanda abin ya shafa sukan canza. Mai sarin banda ya yi tanadi kafin Yuli, ya kuma yi hattara da ba da kuɗin kafin alƙalami a kan kayan da ba za su fito ba sai Satumba.

Na biyu, wanda zai ajiye banda ya tabbatar ta bushe sosai, a riƙa sake turara ta, a ɗaga ta daga ƙasa. Zuba maganin ƙwari irin su fiya-fiya a kan kifi domin korar tsutsa ganganci ne da rayukan mutane, kuma kaya guda da aka kama da guba yana iya ɓata sunan kasuwa baki ɗaya.

Na uku, a san abin da ake saye. Kwalin halal yana ɗauke da sunan kifi da nauyi da ƙasar da ya fito da ranar daskarewa. Bulon ƙanƙara marar rubutu, mai cakuɗe da 'ya'yan kifi iri-iri, abin zargi ne komai arharsa, kuma wanda aka kama da shi a hanya shi zai amsa tambaya, mai jirgi yana can yana barci.

Na huɗu, a bambance kifin gida da na waje wajen takardu. Sassaucin harajin da ke tsakanin ƙasashen yankinmu ya shafi abin da aka kama ko aka noma a cikin yankin ne, bai shafi kwalin da ya zo daga Turai ya sauka a Lome ba. Kuma tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, wajibi ne mai kaya ya bincika ƙa'idar da ke aiki a kowace iyaka kafin ya yi lodi.

Daga ƙarshe, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da sarakunan Zango suna da bakin da ake ji idan maganar kuɗin fito ko shingen hanya ta taso. Ya kamata irin wannan murya ta haɗu da ta masunta da matan Katanga wajen neman abubuwa uku daga hukuma: a wallafa sunayen jiragen da aka ba lasisi da ainihin masu su, a nisanta su daga gaɓa a kuma tsare iyakar da aka shata, sannan a tallafa wa ƙananan masunta a lokacin hutun ruwa. Kifin da ke cikin tekun nan dukiyar jama'a ce tun daga mai jan koma a Gbetsogbe har zuwa mai dakan yaji a Dapawon, kuma idan ya ƙare, babu hatimin kwastan da zai dawo da shi.